Furannin Lambu da Lokutan Shekara a Jos

A ƙasashen Turai, furanni kan fara buɗewa ne wajen watan Maris, lokacin da sanyi ya ja baya. A ƙasarmu kuwa, ruwan sama ne ke tayar da yawancin tsirrai daga barci. Duk wanda yake da ɗan lambu a bayan gida a Jos zai iya ganin haka da idonsa.

Birnin Jos yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga gaɓar teku. Saboda haka ya fi Kano da Sakkwato sanyi, ya kuma fi su samun ruwa. Ruwan da ke sauka a shekara yakan kai milimita 1,400, daga watan Afrilu zuwa Oktoba. Wannan yanayi ne ya sa Turawan da suka zo haƙar kuza a farkon ƙarni na 20 suka dasa furannin ƙasarsu, irin su wardi, suka kuwa yi kyau. Amma tun kafin zuwansu, ƙasar Filato tana da nata furannin, kuma kowanne yana da lokacinsa.

Da hunturu, wato daga Disamba zuwa Fabrairu, lambu yakan bushe ƙayau. Duk da haka ba a rasa abin kallo. Minjirya takan zubar da ganyenta, sannan ta fitar da jajayen furanni a kan tsiraran rassa. A wuraren da wuta ta ci ciyawa kuma, rawaya takan ɓullo daga cikin toka, furenta manne da ƙasa, tun kafin ta yi ganye. Daga saiwarta ake samun rini, kuma sunanta ne ake kiran launin rawaya da shi.

Idan ruwan farko ya sauka a ƙarshen bazara, sai lambu ya canza kama cikin 'yan kwanaki. A wurare masu damshi albasar kwaɗi takan miƙo kara mai kauri, a kansa akwai manyan furanni farare masu ratsin ja. Mutum zai yi mamaki, yaya aka yi tsiro ya yi fure da sauri haka, alhali ƙasa ba ta gama jiƙa ba? Amsar tana ƙarƙashin ƙasa. Tsiron yana da kai irin na albasa, inda ya tara ruwa da abinci tun daminar bara. Da rani ganyensa yakan mutu, amma kan yana nan da rai. Da ya ji danshi, sai ya yi amfani da ajiyarsa. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Da damina ta yi nisa, wajen Yuli da Agusta, sai rumana ta fito da dogayen ganye masu kama da takobi, furanninta a jere a kan kara guda. Daga dangin rumana na Afirka ne masu lambu a Turai suka samo yawancin irin da suke sayarwa a yau. A wannan lokaci ne kuma baurere ke hawa shinge, yana kama rassa da bakin ganyensa. Furensa ja ne da rawaya, mai lanƙwasa kamar harshen wuta, kuma shi ne furen ƙasa na Zimbabuwe. Sai dai a yi hattara: baurere yana da dafi mai kisa, musamman saiwarsa. Kada a dasa shi inda ƙananan yara ko awaki za su kai gare shi.

Da kaka, gefen hanyoyin Jos yakan cika da wani dogon tsiro mai furanni launin rawaya. Yana da kyawun gani, amma baƙo ne, asalinsa daga Meziko yake. Shi da lantana, wadda ita ma daga nahiyar Amurka aka kawo ta, suna yaɗuwa da sauri, suna danne tsirran ƙasa. Gine-gine da sababbin gonaki su ma suna cinye filayen da furannin daji ke fitowa.

A nan ne mai lambu yake da abin yi. Mutane da yawa sukan ɗauki furen daji a matsayin ciyawa, su nome shi, su dasa baƙon da sai an yi masa ban ruwa kullum. Alhali kuwa ɗan ƙasa ba ya bukatar ruwan rijiya da rani, kuma ƙudan zuma da ƙananan tsuntsaye sun saba da shan zaƙinsa. Waɗannan ƙudaje ne ke kai garin fure daga wani tsiro zuwa wani, har kabewa da mangwaro su yi 'ya'ya. Saboda haka yana da kyau a ware wani lungu na lambu, a bar shi ba noma. Inda tsiro ya bushe da rani, a kafa ɗan tsinke don kada fartanya ta sare kansa.

Ɗalibi ma zai iya taimakawa. Ka sami littafi, ka rubuta ranar da ruwan farko ya sauka da ranar da kowane fure ya buɗe. Ka tambayi dattawan unguwarku sunansa da Hausa da kuma harshenku, ko Birom ne ko Ngas ko wani. Bayan shekara biyu ko uku, za ka iya duban lambu ka faɗi inda shekara ta kai.

Tambayoyi

1. Me ya sa albasar kwaɗi take yin fure da zarar ruwan farko ya sauka?
2. Wane hatsari ne ke tattare da baurere?
3. Kawo dalilai biyu na barin furannin daji a cikin lambu.