3.2 Auna Ƙarfin Kanwa da Daidaita Shi ta Hanyar Na'ura

A wannan sashe za a yi bayanin yadda na'ura ke kula da ruwan tankin gilashi da ake kiwon murjani a cikinsa. Murjani halittar teku ce wadda ke gina ƙashinta da kalsiyam da kabonet da take zuƙa daga ruwa. Yawan kabonet ɗin shi ne aka kira "ƙarfin kanwa" a wannan nazari, kasancewar kanwar da muka sani ita ma tana ɗauke da shi. Ana auna shi da ma'aunin dKH. Ruwan teku yana kusan 7, masu kiwo kuwa sukan riƙe nasu tsakanin 7 da 11.

A da, mai kiwo kan ɗebi ruwa ya riƙa ɗiga sinadari yana ƙirgawa har launi ya sauya. Na'urar Trident ta kamfanin Neptune Systems na Amurka, wadda ta fito a shekarar 2019, tana yin wannan gwaji da kanta sau da dama a yini. Daga nan sai kwamfutar da ke haɗe da ita ta umarci ƙaramin famfo ya zuba ruwan bakin-soda gwargwadon abin da ya ragu.

Sai dai a nan ne matsalar take. Idan bututu ya toshe, na'urar na iya nuna ƙarancin da babu shi, famfo ya yi ta zuba soda. Hauhawar farat ɗaya takan ƙone kan rassan murjani, naman ya saɓule. Saboda haka ake ƙayyade wa famfo iyakar abin da zai zuba a yini, kuma a ganin mai wannan nazari, bai kamata a daina gwajin hannu ko da sau ɗaya a mako ba.