Kura da Shan Bugu: Sunayen da Suka Ɓace Daga Bangon Littafi

Unguwar Shahuci da ke cikin ganuwar birnin Kano ta daɗe da yin suna wajen karatu. A nan ne aka buɗe Makarantar Shari'a a 1928, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, kuma a nan ne Malam Aminu Kano ya shiga elementare a 1930. Malaman birni na wancan zamani sun gaji wata al'ada mai kyau game da littattafan da ake rubutawa da hannu. Idan mai kwafe littafi ya kai ƙarshe, sau da yawa yakan rubuta sunan mawallafi, da nasa sunan, wani lokaci har da sunan wanda ya sa shi aikin, sannan ya roƙi addu'ar mai karatu. Haka nan marubuta waƙoƙi sukan saka sunansu a baitocin ƙarshe, su ɓoye shekarar da suka gama a cikin ramzi. Da littattafan ɗab'i suka shigo tare da Turawa, sai aka sami ayyuka da dama waɗanda mutum biyu suka yi, amma suna ɗaya ne ya hau bango.

Dorugu da Schön

An haifi Dorugu a ƙasar Damagaram wajajen 1840, aka kama shi bauta tun yana yaro. Bayan ya sami 'yanci sai ya bi matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, har zuwa Ingila a 1855. A can ya zauna tare da wani ɗan mishan mai suna J. F. Schön, yana ba shi labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi da kalmomi, shi kuwa yana rubutawa. Wannan zama ya taimaka ƙwarai wajen fitar da nahawun Hausa na Schön a 1862, da ƙamus a 1876, da kuma Magana Hausa a 1885. Schön ya sami lambar yabo ta Volney a Faransa a 1877. Bai ɓoye cewa daga bakin Dorugu ya ji labaran ba, amma dai sunansa ne a bango, kuma shi duniya ta yaba wa. Dorugu ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa da ke Nassarawa a Kano, ya rasu a 1912. Sai a 1971 ne Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka sake fitar da tarihin rayuwarsa da Turanci, a matsayin aikin Dorugu kansa.

Malam Mai Kano

Ƙamus na G. P. Bargery, wanda ya fito a 1934, har yau babu mai nazarin Hausa da zai iya yi ba tare da shi ba. Sai dai Bature ɗaya ba zai iya tara dubban kalmomi da karin harshen garuruwa shi kaɗai ba. Daga cikin malaman da suka yi aiki da shi akwai Alhaji Mahmudu Ƙoƙi na birnin Kano, wanda jama'a da yawa ba su san gudummawarsa ba sai da Neil Skinner ya fitar da tarihinsa a 1977.

Wani mataimakin Bargery shi ne R. C. Abraham, wanda daga baya ya yi nasa ƙamus. Bugun 1949 ya fito da suna biyu: Abraham da Malam Mai Kano. Da aka sake buga shi a 1962, sai sunan Abraham kaɗai ya rage. Ɗalibin da ya ɗauki bugu na biyu a laburare ba shi da hanyar sanin cewa akwai Bahaushe a cikin aikin, kuma duk wanda ya ambaci littafin a nasa rubutun zai ƙara binne sunan ba da saninsa ba.

Mata da miji

Abin ya fi wuyar warwarewa idan abokan aikin ma'aurata ne, domin ana ɗaukar taimakon mace ga mijinta tamkar wani ɓangare na hidimar gida. M. G. Smith, masanin zamantakewa ɗan ƙasar Jamaika, ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 zuwa 1950. Matarsa Mary ta iya Hausa, kuma ita ce ke iya shiga cikin gidaje inda baƙon namiji ba ya shiga. A nan ta haɗu da wata dattijuwa, Baba, mutuniyar Karo, ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta. Littafin ya fito a 1954 da sunan Baba a matsayin take, da sunan Mary a matsayin marubuciya, mijin kuwa ya rubuta gabatarwa da ƙarin bayani. Wannan rabo ya fi na baya adalci, ko da yake Baba ta rasu a 1951 ba ta ga littafin ba.

A fagen kimiyya ma an sha ganin haka. Lokacin da ake shirin ba da kyautar Nobel ta fiziks a 1903, takardar da aka aika daga Faransa ta ambaci Henri Becquerel da Pierre Curie, ta bar Marie Curie. Sai da wani masanin lissafi ɗan Suwidin ya tsegunta wa Pierre, shi kuma ya tsaya kan cewa aikin na su biyu ne, sannan aka haɗa da ita.

Abin da masana suka gano

A 1968 Robert Merton ya bayyana wata ɗabi'a da ya kira Tasirin Matiyu: idan sananne da wanda ba a sani ba suka yi aiki tare, yabon yakan tattaru a kan sanannen. Dalili kuwa shi ne mai karatu ya fi riƙe sunan da ya taɓa ji, shi yake ambata, ambaton kuma ya ƙara wa mai sunan girma da kuɗin bincike. Abin mamaki, maƙalar ta dogara ne a kan hirarrakin da Harriet Zuckerman ta yi da masu kyautar Nobel. Daga baya Merton ya amsa cewa ya kamata a ce sunanta ya fito tare da nasa. Ita ce kuma ya aura a 1993. A wannan shekara ce Margaret Rossiter ta raɗa wa danne aikin mata suna Tasirin Matilda.

Doka da ɗabi'a

Neman a ambaci sunan mutum a kan aikinsa haƙƙi ne da doka ta sani. Yarjejeniyar Berne ta 1886 ta sami ƙari a 1928 wanda ya ba mawallafi ikon a danganta masa aikinsa ko da ya sayar da haƙƙin bugawa. Nijeriya ta shiga yarjejeniyar a 1993, kuma Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta tanadi wannan kariya. Amfanin abin bai tsaya ga mai aikin ba. Mai nazarin da ya san garin da mai ba da kalma ya fito zai gane ko Kananci ne ko Sakkwatanci yake karantawa, ya kuma san inda zai bi idan ya ga kuskure.

Saboda haka ya dace malamai su koya wa ɗalibai wannan ɗabi'a tun daga aikin rukuni na aji. A yi magana a kan jerin sunaye kafin a fara aiki, ba bayan an gama ba. A rubuta wanda ya kawo shawara, da wanda ya yi gwaji, da wanda ya yi zane. Idan an yi hira da wata tsohuwa a unguwa a kan rini ko maganin gargajiya, a nemi izininta a sa sunanta da ranar hirar. Masu iya magana sun ce yabon gwani ya zama dole, kuma masu kwafe littattafai na birnin Kano sun nuna cewa layi biyu a shafin ƙarshe sun isa a sauke wannan nauyi.