Daga Sabon Maci zuwa Maradi: aikin hannu ya fi takardar shaida magana

Matashin da ya baro Sabon Maci, a gundumar Dakoro, ya koyi zanen kwamfuta a Maradi, tambayar farko da mai gidan ɗab'i zai yi masa ita ce: "Ina abin da ka zana?"

Shi ya sa ɗalibai ke tara kundin ayyukansu: katin biki, tambarin shago, allon mai kilishi. Wasu a wayar hannu suke haɗawa da manhajar Canva, wadda ta fito a 2013, su ɗora a WhatsApp.

Sai dai zanen Canva kowa na iya ɗauka. Abin da ke bambanta ɗalibi shi ne rubuta Hausa da Faransanci ba kuskure, ƙ da ɗ kowanne a wurinsa. Harafi ɗaya ya kauce a allo, kuɗin ɗab'i sun tafi, mai aiki kuma ba ya sake kira.