GUZURIN MATAFIYI A ZAMANIN WAYA

Wannan bayani ne a kan wasu ƙananan kaya da su ka shiga guzurin matafiyi. A da, idan malami ko falke zai bi ayari, gafaka da buzu da buta da carbi sun ishe shi. Yau kuwa Alkur'aninsa da lissafin cinikinsa da takardar jirginsa duk suna cikin waya, ita kuma waya ba ta tafiya sai da 'yan rakiya, watau iyafis, da caja, da batirin ajiya wanda 'yan kasuwa ke kira fawa banki. Mutane da yawa su kan shiga Farm Centre a Kano ana gobe tafiya su saya a gurguje, sai an hau hanya sa'an nan aibin abin ya bayyana.

Iyafis iri biyu ne, mai igiya da marar igiya. Marar igiya shi samari ke so, amma yana cin caji, ga shi ƙanƙane kamar ƙwarar gyaɗa. Idan ya zame daga kunne a cunkoson tasha ko na Harami, shi ke nan, ba mai sunkuyawa ya neme shi. Mai igiya ba ya neman caji, kuɗinsa kaɗan ne, in ya zame kuwa igiyarsa ta riƙe shi. Ga mai doguwar tafiya shi ne abin dogara. Sai dai a duba gindin waya kafin a biya, domin tun shekarar 2016 kamfanin Apple ya toshe ramin iyafis a wayoyinsa, wasu kamfanoni kuma su ka bi shi. Mai irin wannan waya sai ya nemi wanda bakinsa ya dace da ramin caji.

Akwai kuma mai kashe ƙara. Yadda ya ke aiki shi ne, akwai 'yar na'ura a jikinsa mai sauraron rugugin injin, sai ta fitar da wani sauti kishiyarsa, su haɗu su kashe juna. Amfaninsa ba ƙarami ba ne. Alaramman da ke bitar tilawa a cikin jirgi ko babbar mota, rugugi ya kan sa ya yi ta ƙara murya har ƙarshe bai sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ma'aunin ƙara 80 na tsawon awa 40 a mako shi ne iyakar abin da kunnen baligi ke ɗauka lafiya, in ƙarar ta ɗaga sai lokacin ya ragu ƙwarai. Siraran gasun cikin kunne masu kama sauti, in sun mutu ba su sake tsirowa. Malamin da jinsa ya raunana kuwa, da me zai kama gyaran almajiri?

Karatun da za a saurara, a sauke shi cikin waya tun a gida, gama babu intanet a kowane zango. A kuma lura da ruwaya. Mafi yawan abin da ke yawo a wayoyi Hafsu ne, alhali haddar tsangayoyin ƙasar Hausa da Barno Warshu ce. Shehu Mahmud Halilul Husari na Masar ya karanta Alkur'ani sukutum da Warshu, ana kuwa samunsa.

Amma mai toshe kunnuwa biyu ya fita daga cikin ayari ko da yana zaune a tsakiyarsa. A yi masa sallama bai amsa ba, a kira jirginsa bai ji ba, abokin tafiya ya nemi taimako har ya gaji. Kunne ɗaya ya isa a tasha da filin jirgi. Karatu kuma a tsayar da shi kafin a shiga bayan gida, abin da gaggawar tafiya kan mantar da mutane.

Fawa banki shi ya fi jawo wa fatake hasara. Ba a yarda a sa shi cikin babbar jakar da a ke aunawa ba, sai a jakar hannu, domin batirinsa kan kama wuta. A watan Janairu na 2025 wani jirgin kamfanin Air Busan ya ƙone a Koriya ta Kudu yana shirin tashi. Mutum 176 da ke ciki sun tsira, masu bincike kuma su ka danganta wutar da irin wannan batiri da ke cikin ma'ajiyar kaya ta saman kujeru. Daga nan dokoki su ka tsananta. Tun 28 ga Yuni 2025 ƙasar Sin ta hana shiga jiragenta na cikin gida da wanda ba shi da hatimin 3C, sai masu sarin kaya a Guangzhou su kula. Kamfanin Emirates kuma ya hana amfani da shi a cikin jirgi daga 1 ga Oktoba 2025.

Iyakar da a ke bari ba tare da neman izni ba ita ce 100 Wh, watau wajen 27,000 mAh a rubutun jikinsa. Mai 20,000 yana wucewa lafiya. Manyan nan masu 30,000 da 50,000 da a ke yayi saboda rashin wuta sun zarce iyaka, wanda rubutunsa ya goge kuma ma'aikata na iya karɓe shi.

Sauran magana ta bakin caja ce. Makka da Madina da Dubai soket ɗinsu mai ƙafa uku ne irin na Nijeriya, Bakano ba ya bukatar kome. Mutumin Maraɗi ko Damagaram mai caja mai zagayayyun ƙafafu biyu shi ne zai nemi adafta, kamar yadda Bakano zai nema idan ya sauka Kwatano.