Ƙurar Tasawa da Mayahi daga hunturu zuwa faɗuwar damina

Ƙurar da ake shaƙa a Tasawa da Mayahi tana sauya asali da girma da lahani gwargwadon lokacin shekara, kuma masana suna rarrabe ta da ma'aunin maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Ƙwayoyin da faɗinsu bai wuce maikiron 10 ba, waɗanda ake kira PM10, suna wuce hanci su shiga hanyoyin numfashi, su kuwa na PM2.5, waɗanda ba su wuce maikiron 2.5 ba, suna kaiwa can cikin huhu. Rairayin da mutum yake ji yana ƙas-ƙas a haƙori, wanda aka fi yin ƙorafi a kansa, yawanci a hanci da maƙogwaro yake tsayawa.

Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana busowa daga arewa maso gabas, kuma babban rabo na hazon da take kawowa yana tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki inda iska take matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi, ta kwashi farar ƙasa mai laushi kamar gari. Tun a hanya manyan ƙwayoyi suke zubewa, saboda haka abin da yake isowa jihar Maraɗi shi ne mafi laushi, wanda yake iya kwanaki a sama bai sauka ba. A wannan lokaci ne kuma hayaƙin gari yake ƙaruwa, na kara da itacen girki, da na wutar jin ɗumi, da na juji da leda, kuma da yake iskar da ke dab da ƙasa takan yi sanyi da dare ta kasa tashi, hayaƙin yakan kwanta a kan unguwanni har hantsi. Ƙwayoyin hayaƙi sun fi na hazo ƙanƙanta, amma ba a cika zarginsu ba, domin an ɗauki hayaƙin murhu abin gida, hazo kuwa baƙo.

Da bazara, sa'ad da zafi ya tsananta kuma iska ta bushe ƙarau, fatar cikin hanci da maƙogwaro tana tsagewa, abin da masu bincike suke ganin yana sauƙaƙa wa ƙwayar cutar sanƙarau shiga jini. Nijar tana tsakiyar yankin sanƙarau wanda likitan Faransa Lapeyssonnie ya bayyana a 1963. Allurar MenAfriVac da aka fara yi a 2010 ta karya lagon nau'in A, sai dai annobar 2015 ta nau'in C ta nuna cewa sauran nau'o'in suna nan. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, ko kumburin maɗiga ga jariri, alamu ne da suke bukatar a garzaya likita a ranar, ba tare da jiran jiƙo ya yi aiki ba.

Awon da aka fara a 2006 a tashar Banizumbu, gabas da Yamai, ya nuna cewa ƙura mafi kauri ta ɗan lokaci tana zuwa ne a Mayu da Yuni, tare da iskar da ke gaban hadari. Wannan ƙurar ta gida ce, mai manyan ƙwayoyi, tana tashi daga gonakin jigawa da aka share aka bari tsirara, shi ya sa gawo da sauran itatuwan da manoma suke rayawa ta hanyar sassaben zamani, da gorubar Gulbin Kaba, suke rage mata ƙarfi. Idan ruwa ya zauna, yakan wanke sararin sama.

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da cewa bai kamata PM10 ta wuce maikirogiram 45 a kowace mita kubik ta iska a tsawon yini ba, alhali ranar hazo mai ƙarfi a Sahel tana ninka wannan adadi sau da yawa. Rawani da mayafi suna tare rairayi, amma laushin hazo yana ratsa su, don haka mai asma da ɗan kabu-kabu sun fi bukatar takunkumin da ya kama fuska sosai. Ya kamata a yayyafa ruwa kafin shara, a yi girki a sarari, a nisanta goyo daga murhu, kada kuma a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki, domin iskar da yake fitarwa ba ta da wari kuma tana kashe mai barci.