Ƙwayar Tazarar Haihuwa da Ƙarin Hanta

A shekarar 1973, wata likita a Amurka, Janet Baum, da abokan aikinta suka wallafa rahoto a mujallar The Lancet kan wasu mata bakwai. Kowace an same ta da ƙari a hanta, irin wanda ba daji ba, kuma duk bakwai ɗin suna shan ƙwayar hana ɗaukar ciki. Abin ya ɗaure wa likitoci kai, domin kafin ƙwayar ta shigo kasuwa a 1960, likita kan tsufa a bakin aiki bai taɓa cin karo da irin wannan ƙari ba.

Adenoma ake kiran sa a asibiti. Tsoka ce ta hantar kanta da ke tsirowa ta dunƙule wuri guda, ba ta yaɗuwa zuwa wasu sassan jiki. Binciken da aka wallafa a Amurka a 1979 ya kiyasta cewa cikin mata dubu 100 da suka daɗe suna shan ƙwayar, uku zuwa huɗu ne kan samu ƙarin a shekara. Ga waɗanda ba sa sha kuwa, kusan mace ɗaya ce cikin miliyan. Tazarar tana da faɗi, amma ko a cikin masu shan, ba abu ba ne da ake yawan gani.

Sinadarin istirojin da ke cikin ƙwayar shi ake zargi, kuma yawansa da tsawon shekarun sha su ke ƙara haɗarin. Enovid, ƙwayar farko, tana ɗauke da mikrogiram 150 na istirojin. Yawancin na yau ba su wuce 20 zuwa 35 ba. Saboda haka alƙaluman 1979 na ƙwayar iyaye da kakanni ne, kuma masana na ganin haɗarin ya ragu sosai. Wani abin kuma ya taso: ƙiba da kitsen hanta sun shiga sahun masu jawo ƙarin, haka ma magungunan gina ƙwanji da wasu samari ke ɗirka wa kansu.

Sau da yawa mai ƙarin ba ta jin komai. An tura ta hoton ciki ne saboda wani dalili daban, sai mai ɗaukar hoton ya tsayar da na'urar a ƙasan haƙarƙarin dama, ya ce akwai abin da yake gani. Wata kuma nauyi ko ciwo take ji a wannan gefen. Abin tsoron shi ne ƙarin ya fashe ya zubar da jini a ciki: ciwo mai tsanani farat ɗaya, jiri, gumi mai sanyi. Wannan ba na jiƙe-jiƙe ba ne, na gaggawa ne zuwa asibiti.

Ma'aunin da likitoci ke dubawa shi ne santimita 5, wajen tsawon ƙwan kaza. Ƙa'idar ƙungiyar likitocin hanta ta Turai ta 2016 ta ce mace ta daina ƙwayar, ta rage ƙiba, a sake hoto bayan wata shida. Sau da yawa ƙarin kan motse da kansa. Idan ya ƙi sauka ƙasa da santimita 5, ko yana ƙara girma, sai a yi tiyata, domin manyan ne suka fi zubar da jini, kaɗan daga ciki kuma kan rikiɗe su zama daji. Namiji kam, komai ƙanƙantarsa cire shi ake yi.

A ƙasar Hausa, inda jita-jita kan tsarin iyali ba ta ƙarewa, irin wannan labari kan zama makami. Bai kamata ba. Abin da ya fi jawo dajin hanta a yankin shi ne ƙwayar cutar hepataitis B, wadda ke da rigakafi. Matar da aka taɓa samu da adenoma kuwa, ma'aikaciyar tsarin iyali za ta iya sauya mata hanya, misali robar mahaifa ta jan ƙarfe, wadda babu sinadarin istirojin a cikinta sam.