Yau, Yanzu da Bana: Zaɓen Bayanau na Lokaci a Ingilishi Wajen Rubutu kan Fadamar Haɗeja

Gabatarwa

Bahaushe yakan ce “yau” da nufin ranar da ake ciki, yakan kuma faɗe ta da nufin zamanin da ake ciki baki ɗaya. Mai sauraro ba ya ruɗewa, domin muhallin magana yana fayyace masa manufa. Matsala takan kunno kai ne idan ɗalibi ko malamin gona ya zo mayar da maganar zuwa Ingilishi, inda kowane bayanau na lokaci yake da irin aikatau da yake tafiya da shi. Wannan muƙala ta ɗauki misalanta daga Kogin Haɗeja, domin a rahoton ambaliya kuskuren kalma guda yakan sauya abin da hukuma za ta fahimta.

Sauyin zamani

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin ta sauya. Ruwa yana gudana har da rani, ciyawar kachala kuma ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa tsakanin Haɗeja da Nguru. Manomin da ya ce “yau kachala ta hana mu noma” yana kwatanta zamaninsa da na iyayensa ne. Kalmomin da suka dace a nan su ne “nowadays” ko “these days”, kuma suna tafiya da aikatau mai nuna abin da aka saba, kwatankwacin lokaci sabau na Hausa: “Nowadays typha blocks the channels.” Kuskure ne a haɗa su da abin da ya auku sau ɗaya, kamar ambaliyar 2022. Haka kuma “nowadays” kalma ɗaya ce, ba a rarraba ta gida uku.

Halin da ake ciki

Idan ruwa ya mamaye gonakin shinkafa a Auyo, kuma ana sa ran zai janye, “currently” ko “at present” ake bukata: “The farms are currently under water.” Wanda ya sa “nowadays” a wannan gurbi ya shaida wa mai karatu cewa gonakin sun zama tafki na dindindin, alhali agajin gaggawa ake nema. Ita kuwa “presently”, wadda ta yawaita a takardun ofis a Nijeriya, tana da fuska biyu: a tsohuwar al'adar Ingila tana nufin “nan ba da jimawa ba”, a Amurka kuwa an fi amfani da ita da ma'anar “yanzu”. Barin ta ya fi aminci.

Kwanan nan da bana

“Kwanan nan” a Hausa takan dubi baya, takan kuma dubi gaba: “ya zo kwanan nan”, “zai zo kwanan nan”. Ingilishi ya raba su: “recently” ga abin da ya wuce, “soon” ga mai zuwa. Saboda haka jumlar “the water will recede recently” ba karɓaɓɓiya ba ce.

“Bana” kuwa ba ta da takwara ta kalma ɗaya. A bakin manomi, sau da yawa damina da kakar da ta biyo ta yake nufi, ba watanni goma sha biyu na kalandar Bature ba. Idan a watan Janairu ya ce “bana mun yi asara”, fassara ta da “this year” za ta jingina asarar ga shekarar da ba a ma yi shukar damina ba. A nan “last season” ce ta dace.

Kammalawa

Kafin mai rubutu ya zaɓi kalma, ya kamata ya tambayi kansa: sauyin zamani ne, hali ne mai wucewa, ko abu ne da ya riga ya auku? A rubutun bincike kuwa, wanda za a karanta bayan shekaru, ambaton wata da shekara ya fi kowane bayanau, domin “yanzu” ta marubuci ba ita ce ta mai karatu ba.